Verna Skaggs, Mai Bin Sawun Ruwa a Bangonmu

Duk ranar da aka wayi gari da ruwan sama a gundumarmu, kafin masu shaguna su ɗaga ƙofa, Verna Skaggs ta riga ta tsaya a kan gadar Rafin Coldiron da takalmin roba, tana duba inda ruwa ya kai a jikin ginshiƙi. Za ta rubuta a ɗan littafinta, ta koma cikin tsohuwar a-kori-kurarta, ta kurɓi kofin da ya riga ya huce, ta wuce gada ta gaba. Gadoji goma sha ɗaya ne, kuma ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Shekara ashirin da bakwai tana haka. A watan jiya ta yi ritaya, ni kuma na zauna rubuta mata jinjina, sai na tarar rabin abin da zan rubuta kunya ce.

Aikinta shi ne riƙe taswirar ambaliya ta gunduma. Ita ke faɗin wane gida ne a hanyar ruwa, ita ke sa hannu kafin a yi gini ko gyara a bakin rafi. Gidan da ya faɗa cikin shuɗin yanki a taswirarta, banki sai ya tilasta wa mai shi sayen inshorar ambaliya. Wanda ruwa ya ci fiye da rabinsa kuwa, doka ta ce ba a gyara shi sai an ɗaga shi sama. Ba ita ta rubuta dokar ba. Mun sani sarai, amma masu dokar suna can nesa, ita kuwa muna haɗuwa da ita a kantin cefane.

Ruwa idan ya janye yakan bar layi a bango, siririn zare na ciyawa da laka da 'ya'yan itatuwa. Wannan layin Verna ke bi gida-gida, ta auna, ta kafa ƙusa. Mu kuma mutanen nan na jihar Kentucky, da wayonmu, muka ƙirƙiro al'ada: ruwa na janyewa, kafin a fitar da jiƙaƙƙiyar katifa, kafin ma a tambayi maƙwabci ya aka ji, sai a jawo mesa a wanke bango. Wasu har fenti suke shafawa a kan danshi. Akwai mai zama a bakin hanya musamman don ya buga waya ya ce ga motar Verna nan ta shigo kwana. Muna dariya, muna ganin mun yi dabara.

Babu wanda ya kai Baba Orville Combs ƙwarewa a wannan. Tsohon ma'aikacin haƙar kwal ne, mai faɗa da baki amma mai hannun kyauta, kuma a lokacin da zan ba da labari, matarsa Inna Maxine ta riga ta shekara takwas a keken guragu. Bayan ambaliyar da aka yi shekara goma sha uku da suka wuce, Verna ta iso gidansa ta tarar da bango fes, sai warin sabon fenti. Ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu, ya ce ruwan ko dakali bai hau ba.

Ta gaishe shi, ta gaida Inna Maxine, ta nemi izinin shan ruwa a kicin. Can ta durƙusa ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ga layin nan a ciki, kusan ƙugun mutum idan aka haɗa da tudun daɓe.

"Baba Orville," in ji ta, "nan ka manta."

Ya yi tsalle ya dire. Ya ce ya san ubanta tun yana yawo ba takalmi, ya ce ita ce za ta koya masa rafin da ya yi wanka a ciki shekara sittin? Ya nuna keken matarsa ya tambaye ta ko da fiffike Maxine za ta riƙa hawa gidan idan an ɗaga shi ƙafa shida. Verna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce za ta nemo masa tallafin ɗaga gida, za ta cike takardun da hannunta, amma ba za ta rubuta cewa ruwa bai shiga ba, domin ya shiga.

An ɗaga gidan. An yi masa doguwar hanyar katako mai lanƙwasa uku saboda keken, kuma duk wanda ya wuce sai ya yi wa Baba Orville tsiya, ya tambaye shi yaushe jirgin zai tashi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Shi ya rubuta takardar ƙorafi a kori Verna, ya ajiye ta a gidan sayar da man fetur, kusa da na'urar dafa kofi. Mutum ɗari huɗu da wani abu suka sa hannu. Sunana yana shafi na uku. Ban taɓa samun matsala da ita ba ko sau ɗaya. Na ga kowa na sawa ne, na karɓi biro.

Ba a kore ta ba, don babu laifin da za a nuna, amma an yi mata abin da ya fi kora ciwo. Shugabannin gunduma suka maida ofishinta ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gini. A walimar coci, tukunyar wakenta da burodin masara sukan koma gida yadda suka zo. An taɓa sace iskar tayoyinta huɗu a bakin makaranta. Da duk wannan, kowace bazara sai ta bi unguwannin bakin rafi tana ƙwanƙwasa ƙofa, tana maimaita magana ɗaya: inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta ambaliya daban ake saya, kuma sai ta kwana talatin kafin ta fara aiki, don haka kada a jira sai an ga hadari. Wasu sukan leƙo ta labule su ƙi buɗewa.

Sai ga babbar ambaliyar shekara uku da suka wuce. Da hantsi ta zo, cikin ƙasa da awa guda, lokacin Baba Orville ya tafi gari sayen magani, gada ta rufe a bayansa. Inna Maxine ita kaɗai ce a gida. Ya tsaya a kan tudun makabarta tare da jama'a, yana kallon gidajen maƙwabtansa suna nutsewa har tagogi, gidajen da aka wanke bangonsu da kyau har Verna ba ta sami abin aunawa ba. Waɗanda ke kusa da shi sun ce yana ta ƙirga matakan gidansa da ido, ruwa na cinye su ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu ruwan ya tsaya. Da masu kwalekwale suka isa da yamma, suka tarar da Inna Maxine a falo, ko silifas ɗinta bai jiƙe ba, tana mitar an bar ta ba shayi.

Washegari Verna ta fito da ma'auninta. Ofishinta na ɗakin ƙasa ya cika da laka har rufi, sai ta maida motarta ofis. Mutanen da suka ƙi buɗe mata ƙofa su ne suka yi layi tana nuna musu yadda ake cike takardun neman agaji, kuma ban ji mutum ɗaya da ya ce ta tuna masa da baya ba. Wannan karon babu wanda ya jawo mesa.

Malama Verna, ke ce kika ga abin da muka ƙi gani. Ke ce muka maida abokiyar gaba don kin faɗi inda ruwa ya kai. Mai gaskiya a gari mai son rarrashi, da kin so zaman lafiya da mu, rufe ido ɗaya ya ishe ki, mu yi ta yabonki har ranar da za mu binne wani.

A walimar sallamarta, Baba Orville ya turo keken matarsa har gaban teburinta. Ya cire hula, ya daɗe yana murza ta. Ya ce ya shirya magana tun a mota amma ta gudu. Inna Maxine ta ce, "To ni zan faɗa, tun da kai bakinka na faɗa ne kawai. 'Yata, mun zalunce ki. Ina raye ne saboda taurin kanki." Verna ta sunkuyar da kai, ta ce aikinta kawai ta yi, sannan ta tura musu farantin kek. Mu da ke bayansu kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mun gode, Malama Verna, ko da godiyar ta makara. Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa aikin faɗin abin da mutane ba sa son ji, ya yi koyi da ke, ya faɗa a tsanake, ya kuma dawo gobe. Mu kuma da ake faɗa wa, mu ji tsoron Allah mu buɗe ƙofa.

Tun kafin ta tafi aka fara, wata huɗu ke nan ana tallar kujerarta, babu wanda ya nema. Shugaban gunduma da kansa ya je wurin wata mai safiyo, haifaffiyar nan, wadda ta san rafin kamar tafin hannunta, ya roƙe ta ta karɓa. Ta ce a'a. Da ya matsa mata, ta ce, "Ina nan lokacin da kuka yi wa Malama Verna abin da kuka yi. Ni ba ni da irin haƙurinta." Watan Maris na tafe da ruwansa, kuma a bana babu mai tsayawa a kan gada.