Rumbun da Aka Gina Kafin Ɗaki

Shekarun baya, ina zaune a ƙauyenmu can bayan Tsiga, kafin neman abinci ya jefo ni Funtua, wasu baƙi suka sauka mana. Rashin zaman lafiya ne ya taso su daga garuruwansu. Masu dangi suka raɓa da dangi, marasa kowa kuma suka riƙa kwana a rumfunan kasuwa in an watse.

Dattawanmu suka ce tuwon sadaka ba ya riƙe mutum har abada. Maƙwabcinmu, wani dattijon coci, ya ba da gonarsa da ta daɗe ba a noma ba, liman ya yi shela bayan sallar Juma'a, aka tsayar da gayya duk Asabar. Mu da baƙin muke noma tare, abin da Allah Ya bayar kuma nasu ne su raba. Ni dai tsakani da Allah, kunun tsamiyar da mata ke kawowa ya fi hauya kai ni gonar. In ka ga layi a karkace, ba sai ka tambaya ba, nawa ne.

Cikin baƙin akwai wani tsoho dogo, marar yawan magana, kowa Baba yake ce masa. 'Ya ɗaya ta rage masa a duniya, ita ma gudun ya raba su. A rumfar wani mai kayan miya yake kwana, ya naɗe tabarmarsa kafin mai rumfa ya iso. Kusa da ni yake kama layi. In ya kai ƙarshen nasa sai ya juyo ta nawa, mu haɗu a tsakiya. To, ni nake kiran wurin tsakiya. Ya fi kusa da inda na fara.

Dawa ta yi kyau a shekarar. Ranar rabo kowa ya kwashi dammunansa, wani a amalanke, wani a ka, zuwa gidajen da suka raɓa. Gona ta watse, Baba na zaune kan dami ɗaya, sauran na jibge a gabansa.

Na ce, "Baba, lafiya? In ɗauko babur ne?"

Ya ce, "Ɗauko, ɗana. Sai dai ka gaya mini inda za mu kai."

Damina guda muna ta murnar mun taimaki mutum, babu wanda ya tuna cewa hatsi ma gida yake nema.

Da na gaya wa mahaifiyata, ta ce, "Yo wannan har abin tunani ne? A kawo nan, rumbunmu bai cika ba." Baba ya zo ƙofar gida ya tsuguna, ya yi godiya har ya gaji, sannan ya ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Amma hatsin da ya shiga rumbun wani, sai da sallama ake ɗibarsa. Ni kuwa na gaji da sallama. In da hali, a ba ni inda zan aza duwatsu."

Ta ba shi bayan gida, kusa da zogale. Shi ya ɗauko duwatsun, shi ya kwaɓa ƙasa, kullum ya ɗora kaɗan ya bari ta sha iska. Ni kuma sarkin dabara na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Baba, kai da ba ka da ɗaki, da rumbu za ka fara? Ƙasar nan ai gara mu yi tubali da ita."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ni na saba kwana a waje, ɗana. Dawa ba ta saba ba."

Tun da aka ɗora wa rumbun nan jinka Baba ya zama wani mutum. Ya yarda ya dawo zaurenmu da kwana. Kullum da safe zai hau, ya ɗebo dawa a kwando, ya aika cikin gida a ce wa Hajiya ga awo. Ranar farko ta so ta mayar, sai kuma ta karɓa. Ashe yana da dariya! Ashe ya iya faɗa, don awakina sun ji a jikinsu. Da rani muka yi masa gayyar tubali, muka jera su kusa da rumbun, saura gini.

Ana haka labari ya zo cewa hanyar garinsu ta buɗe, har an ga 'yarsa ta koma. Ya yaɓe bakin rumbunsa da ƙasa, ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya, ga amana. Zan ɗauko yarinyar nan, kafin ruwan shuka muna nan. A bar mini tubalina." Ni na kai shi tasha a Funtua. Da zai shiga mota ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka riƙa gyara layinka kafin in dawo."

Ruwan shuka ya sauka, shiru. Aka yi noman farko, shiru. Sai tsakiyar damina wani mutumin garinsu ya yi sallama. Ya ce Baba ya iske 'yarsa, suna shirin tahowa zazzaɓi ya kwantar da shi, a hannunta ya cika. Ya ce, "Duk wanda ya zo duba shi sai ya gaya masa yana da rumbu a wajen Tsiga."

Mahaifiyata ta sa aka fasa yaɓen, aka sussuke dawar, aka aika wa 'yarsa gadonta. Tubalin kuwa babu wanda ya iya taɓawa. Muna kallo ruwa ya narkar da su.

Har yau ana gonar gayya. Kusan kowace kaka sai an samu wanda ya tsaya da dami bai san inda zai kai ba, mahaifiyata ta aika a ce masa akwai rumbu, kuma ba sai da sallama ba. Ni abin da na ɗauka shi ne, kafin ka ba mutum abu, ka tambayi inda zai ajiye. Kuma ina kewar tsohon nan, kewar da ban taɓa yi wa wanda ba jinina ba. In na wuce rumfar kayan miya da sassafe, har yanzu sai na leƙa.

Bara na je gida gab da damina, na tarar an yi wa rumbun sabuwar jinka, alhali madafin mahaifiyata rana ake hangowa ta rufinsa. Na ce, "Haba Inna, ke da ruwa zai zubo miki a tukunya, da rumbu kika fara?"

Tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni na saba. Dawa ba ta saba ba."

Na juya kamar ina duba zogale, don kada ta ga idona.