Gishiri Ya Yi Yawa, Yaya

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda duk layinmu suka sani da Mai Biskit. Ta cika a gadon asibiti bayan jinyar kwana goma sha tara, ciwon ƙoda ne ya zama ajalinta. Shi Ya ba mu ita, Shi Ya karɓi abinSa, mu ma can muka dosa.

Yaya, yau kwana goma sha biyu ke nan ina amsa gaisuwa. Duk wanda ya shigo sai ya faɗi alherinki, ni kuma in gyaɗa kai. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, wadda ya kamata in gaya miki tun kina tsaye da ƙafarki. Zan faɗe ta a nan. Bari dai in fara da abin da kowa ya shaida.

Saboda mahaifiyarmu kika fara wannan sana'a. Da likita ya hana ta sukari, tsohuwa ta yi fushi da shayi, ta ce ba za ta sha ruwan zafi gaya ba. Sai kika cire sukari daga kwaɓin biskit, kika zuba soyayyar albasa da masoro da riɗi da gishiri. Tiren farko ya fito kamar tsakuwa, har ta ce a ajiye mata shi a bakin gado don jifan ɓera. Ba ki yi dariya ba. Mako uku kina ɓata fulawa, har ranar da ta cinye guda huɗu a zaune ta miƙo hannu tana neman ƙari.

Na fi shekara goma ina kallon hannunki. Ki murje bota mai sanyi cikin fulawa da kan yatsu har ta koma kamar yashi, ki shimfiɗa kwaɓin da kwalba, ki yanka da bakin kofin shayi, ki soka wa kowanne cokali mai yatsu sau uku don kada ya kumbura. Gishiri kuwa ba ki taɓa auna shi ba. Yatsu uku kike sawa ki ɗebo, kina cewa cokali na 'yan koyo ne.

Ba ki taɓa sayar da fasasshen biskit ba. Na matan da ke sharar titi ne, suna biyowa da hantsi su karɓa a ƙofar kicin. Na daɗe da lura cewa ranar da gashin biskit ya yi kyau, babu wanda ya fashe, sai ki juya mini baya ki karya goma da babban yatsa. Ban taɓa nuna miki na gani ba. Duk Alhamis kuma sai kin cika gwangwani an kai wa masu jinya, waɗanda ke yini a kan bencin asibiti ba wanda ya tambaye su ko sun karya. Ni ma ina cikin waɗanda kika tsinta. Ranar da aurena ya mutu na shigo gidanki da akwati ɗaya da kumburarrun idanu. Ba ki tambaye ni komai ba, kika miƙo mini kwalba kika ce, “Auta, murza.”

Sai dai ba zan yi miki ƙarya a kan halinki ba, ke ba a gyara miki aiki. Wani mai shago ya taɓa cewa biskit ɗinki bai gasu ba, kika ɗauke gwangwaninki daga kan kantarsa, shekara shida idan kin zo saitin shagonsa sai kin tsallaka titi. Muna ƙaunarki, muna kuma shakkar bakinki.

Tun da na dawo gidanki, biskit na farko da ya fito daga obin ɗin gashi, nawa ne. Ki miƙo mini shi da zafinsa ki ce, “Ya ji?” in ce, “Ya ji.” Daga nan in ɗauki gwangwani biyu zuwa ofishin da nake aiki, kafin ƙarfe goma sun ƙare.

A watan Yulin bara na ciji biskit na ji gishiri ya ɗan haura. Na ce kuskuren hannu ne. Washegari ma haka. Kafin wata ya ƙare sai na kora da ruwa nake iya haɗiyewa. Ke kuwa ki ɗanɗana ki yamutsa fuska, ki ce gishirin yanzu ba shi da ƙarfi, ki ƙara. Abincinki ma haka kike barbaɗa masa. Na ga ƙafafunki sun fara kumbura har takalmi ya daina shiga, na ga kina zama a kujera kina murza kwaɓi, ke da ba ki taɓa aiki a zaune ba. Kullum kuma sai kin tambaye ni, kullum sai na ce ya ji.

Na gaya wa kaina tausayi ne. Tun rasuwar mijinki, wannan kicin ne kaɗai ke tashinki da safe, na ce idan na taɓa miki shi na karya ki. Gaskiyar kuwa ita ce tsoro nake ji, ba na son in zama mai shagon nan. Abokan aikina suka daina saye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗi dalili. Sai na riƙa juye biskit ɗin a kwandon shara na bayan ofis, in kawo miki gwangwani wayam da kuɗi daga aljihuna, in ce an wawashe. Kina jin daɗi kina cewa, “Ai sun san abu mai kyau.” Wata takwas muna haka.

Ranar da kika faɗi a kicin muka kai ki asibiti, likita ya kira ni da ɗiyarki, wadda ta baro aikinta na koyarwa a wani gari ta taho a ruɗe. Ya ce ciwon ya daɗe yana cin ki a hankali. Ya tambaya ko mun lura da kumburi, ko yawan gajiya, ko canjin ɗanɗano a bakinki, domin wani lokaci ciwon yakan taɓa harshe. Ya ce rai na hannun Allah, amma da an zo watannin baya da akwai abin da za a gwada. Ɗiyarki ta juyo ta dube ni, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ke. Na ce ban lura da komai ba.

Kwana uku kafin ki cika, bayan azahar, muna mu biyu, kika kama hannuna. Muryarki ta dushe, sai da na sunkuya.

“Auta, akwai ranar da na zuba gishiri sau biyu da gangan. Na tsaya ina kallon bakinki.”

Kika ja numfashi, kika ci gaba.

“Na san harshena ya mutu. Tsoro nake ji. Na so ki ce ya yi yawa, in yi miki faɗa, ke kuma ki ja ni asibiti.”

Na tuna ranar. Har hawaye biskit ɗin ya sa ni, na ce zafinsa ne. Na durƙusa a gefen gadon na ce ki yafe mini. Kika ce kin yafe, ke ma in yafe miki da kika zama mutumin da ake tsoron gaya wa gaskiya. Kin yafe, Yaya, amma abin bai sauka daga ƙirjina ba.

Shekaranjiya matan shara suka tsaya a ƙofar kicin, sun zo gaisuwa, ba su nemi komai ba. Da suka tafi na kunna obin. Na yi duk yadda kike yi, har yatsu ukun. Da tire ya fito na miƙa wa ɗiyarki na farko. Ta tauna, ta dube ni, ta sunkuyar da kai tana shirin cewa ya ji. Na san wannan sunkuyon, nawa ne. Na ce, “Don Allah faɗi.” Ta ce, “Inna, gishiri ya yi yawa.” Ba abin da ya faru. Rufin ɗaki bai faɗo ba, ban mutu ba, ita ma ba ta mutu ba. Iyakar abin da na kasa faɗa miki ke nan.

A nan tsaye na gaya mata komai, har kwandon shara, har ƙaryar da na yi a gaban likita. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye ragowar biskit ɗin a kan tire, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ga laifinta ba, kuma ban san ranar da za ta iya duban idona ba.

Ina miƙa ta'aziyya gare ta, da dangin mijinki, da maƙwabta, da matan shara, da masu jinyar da za su ga Alhamis ta wuce babu gwangwani. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata zafin bakinta saboda sanyin hannunta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka haɗa ta da mahaifiyarmu a Aljanna. Ni kuma Ka yafe mini shiruna.

Gishiri ya yi yawa, Yaya. Tun watan Yuli ya yi yawa. Allah Ya jiƙanki.