Tauren Liyatu da Wuƙar Suruki

Idan ka shiga ƙauyen nan da ke bayan Gazara, a ƙasar Makarfi, ka tambayi gidan Liyatu matar Irmiya, ba mai wahalar da kansa ya nuna maka da hannu. Cewa za a yi, "Bi waƙa." Don baiwar Allahn nan ba ta iya aiki baki rufe ba. Tana daka tana waƙa, tana suyar ƙuli-ƙuli tana waƙa, faɗan da take yi da awaki ma da kari take yin sa. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu, ta ɗaga murya sauran mata su amsa.

'Yar Paki ce. Can aka haife ta, can aka yi mata baftisma, aka kawo ta nan amarya, siririya kamar sillen kara. Yanzu kuwa ta cika gida da 'ya'ya, ta yi jiki, ta yi baki. Kafin rana ta ɗaga ta share tsakar gida, ta dama koko, ta tara yara an yi addu'ar safe, ta kora 'yan makaranta. Daga nan sai gyaɗa, a soya, a kai niƙa, a matse mai. In an yi haihuwa a gidan 'yar zumunta, ga Liyatu da tukunyar kunun kanwa. In rasuwa ce, ita ke fara waƙar ta'aziyya tun daga ƙofar gida. Mijinta Irmiya manomin rake ne, mutum mai sanyin hali, yakan ce shi dai ya san ya auri mace, amma coci ta ɗauki rabi, unguwa ta ɗauki rabi, shi ɗankwali aka bar masa.

Kuma ba abin da zai same ta ba ta ce "Mun gode Allah" ba. Injin niƙa ya lalace da gyaɗarta a ciki? Mun gode Allah ba hannun mai niƙa ya kama ba. Akuya ta kifar da miya? Mun gode Allah tukunyar ba ta fashe ba. Har yaran gidan suka mayar da abin tsokana, da an ji ƙarar faɗuwar kwano sai su haɗa baki su riga ta faɗa, ita kuma ta bi su da muciya tana dariya. Amma ba da wasa take faɗa ba. Da gaske take gode wa Allah, har cikin ranta.

To, zana ɗaya ce ta raba gidan Liyatu da na Iya Mero. Iya Mero Musulma ce, tsohuwa mai kaifin harshe, ita ce kuma ta karɓi haihuwar 'yar farin Liyatu a wata damina da ruwa ya yanke hanyar Makarfi. Tun daga wannan shekarar, duk Babbar Sallah naman layya ke tsallakowa gidan Liyatu, duk Kirsimeti kuma shinkafa da miya da nama ke tsallakawa gidan Iya Mero da sauran maƙwabta. Abin yana da ƙa'ida, wadda ko yaro a ƙauyen ya sani: dabbar da za a raba wa maƙwabta Musulmi, Musulmi ne ke yanka ta, don su ci hankali kwance. A gidan Liyatu, Malam Uwaisu ɗan Iya Mero ne mai wannan aiki. A duk hidimar Kirsimeti ba abin da Liyatu ke so kamar fitar kwanukan nan. Sabuwar atamfa ma ba ta kai su ba a wurinta.

Kirsimetin da ya wuce ta shirya masa tun damina. Ta ware wani jan taure, ta dinga ɗura masa dusa da harawa da kanwa har ya zama sai ya yi nishi kafin ya tashi. Dalili kuwa, 'yar farin nan tata, Dinatu, wadda ke aikin jinya a Kaduna, za ta zo da mijinta, zuwansa na farko tun bayan biki. Liyatu ba ta kiran sunan Dinatu, kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "yarinyar nan". Shi kuwa surukin, Filibus, ko ido ba ta haɗawa da shi. Yaro ne mai ladabi, mai zafin nama, amma tashin unguwar Sabon Tasha ne a Kaduna, inda gidan dama Kirista gidan hagu Kirista, kowa ya yanka abinsa.

Ranar jajiberi ta faɗo ranar kasuwar Makarfi. Malam Uwaisu ya leƙo da safe ya ce zai kai barkono kasuwa, da ya dawo bayan azahar zai zo ya yi yanka. Liyatu ta ɗaure tauren a gindin mangwaro, ta wasa wuƙa ta ajiye a kan turmi, ta jera roba da ruwa, ta wuce coci shara da gwajin waƙa. Irmiya yana gonar rake. Dinatu ta kwashi ƙannenta sun tafi niƙan kayan miya. Aka bar Filibus shi kaɗai a gida, ga taure a ɗaure, ga wuƙa tana ƙyalli, ga saurayi mai neman ya burge surukarsa. To me kake tsammani?

Da hantsi Liyatu ta dawo ɗaukar tsintsiya, tare da aminiyarta Afiniki, mai kaɗa tulu a zumunta. Suna shiga suka ga taure rataye a reshen mangwaro, an feɗe shi tas, fata a shanye, kayan ciki a wanke a roba. Kai, aiki dai ya yi kyau, ko mahauci sai haka. Filibus ya durƙusa, hannu duk jini, fuska duk murmushi.

"Mama, sannu da dawowa. Na ga aiki ya yi miki yawa, na ce bari in rage miki."

Liyatu ta tsaya cak. Da ɗanta ne, da unguwa ta ji muryarta har bakin rafi. Amma suruki ne, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Ta kau da kai ta dubi bango.

"Sannu da aiki," in ji ta. "Allah ya yi albarka."

Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta buɗe baki za ta ce abin da ta saba cewa, maganar ta ƙi fitowa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Wani tauren dai babu, hidimar biki kuma ta cinye abin da ke hannu. Ke nan gobe a wayi gari Kirsimeti, kwano ko ɗaya bai fita daga gidanta ba? Ko ta aika wa Iya Mero gayan shinkafa, kamar wadda ake yi wa rowa?

Afiniki ta biyo ta, ta saki labule, ta rage murya.

"Ke Liyatu, kada ki ɗaga hankalinki a banza. Wa ya gani? In Malam ya zo ki ce masa wani mahauci ya biyo ta nan kin ba shi ya yanka. Nama ai ba ya magana."

"Ni na gani."

"Ke kaɗai."

"Da Wanda za mu je mu yi wa waƙa yanzu. Haba Afiniki! Matar da ta yanke wa yarinyar nan cibiya, in ɗauki abin da na san ba za ta ci ba in sa mata a baki? In yi haka, da wane baki zan ba da waƙa gobe?"

Afiniki ta sosa ƙeya. Suka ɗauki tsintsiya suka koma coci.

Aka fara gwaji. Tulu ya ɗauka, caki ya ɗauka, mata suka gyara ɗamara suna jiran Liyatu ta ba da waƙa. Ta ɗaga murya, sai ga abu ya fito kamar na mai mura. Uwar Zumunta, tsohuwar da ba a ɓoye mata komai, ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Liyatu, lafiya? Wa ya rasu?"

"Mama, taure ne."

"Ya mutu?"

"An yanka shi."

"To ba don yanka kika kiwata shi ba?"

Sai ta kwashe labari ta faɗa. Tabɗijam! Ka ga mata suna riƙe ciki. Wata ta ce ai 'yan birni in an bar su da wuƙa har kazar maƙwabta sai su taimaka mata. Wata ta ce Allah ya so Irmiya bai ɗaure sansa na huɗa a gidan ba. Liyatu kanta sai da ta yi dariya tana share hawaye. Da dariya ta lafa, kowa ya gane abin ba na dariya ba ne, don kusan dukkansu suna da tasu Iya Meron a bayan zana.

Afiniki ce ta ajiye tulu ta miƙe. Wataƙila shawararta ta ɗazu ce ke cizon ta.

"Ni ina da zakara, ban yanka ba tukuna. Yarana kuma tun bara suke min ƙorafin sun gaji da kaza. Ki ba ni cinyar tauren, ki ɗauki zakaran."

"Ni ina da zabi biyu," in ji wata daga baya. "Haƙarƙari nake so."

"Kai da ƙafa nawa ne, kada wadda ta taɓa!" in ji Uwar Zumunta.

Nan da nan aka raba taure tun yana rataye a mangwaro. Aka gama gwajin waƙa, kuma a wannan karon muryar Liyatu sai da ta girgiza kwanon rufi. Da la'asar Malam Uwaisu ya iso gidan da wuƙarsa yana tambayar ina taure, sai ya ji waƙa tana tahowa ta lungu. Matan zumunta ne a jere, kowacce da kaza ko zabuwa a hammata, Liyatu na gaba tana bayarwa suna amsawa, kaji na ta kyarkyara kamar su ma an koya musu. Malam ya dubi kajin, ya dubi fatar da ke shanye. Ya yi murmushi, ya naɗe hannun riga, ya fuskanci alƙibla ya yi bisimilla.

Filibus kuwa, da Dinatu ta ja shi gefe ta yi masa bayani, kunya ta kusa kashe shi. Ya zo ya durƙusa a ƙofar madafa yana ba da haƙuri. Liyatu, tana duban tukunya, ta ce wa Dinatu, "Yarinyar nan, gaya wa baƙonmu ba komai. Tunda hannunsa na son aiki, ga ruwan zafi can, ga kaji." Shi ya fige su duka, har yatsunsa suka yi fari, Irmiya na zaune kusa yana shan rake yana ba shi labarin irin kwaɓar da shi ma ya yi a gidan surukai a Paki.

Ranar Kirsimeti aka yi sujada a coci, aka yi rawa har ƙasa ta ɗauki zafi. Ana tashi Liyatu ta dawo ko ankon zumunta ba ta cire ba, ta hau zuba abinci. Kwanuka suka fita gida gida. Na Iya Mero kuwa ta ce ba mai kai shi sai ita.

Ta tarar da tsohuwar a kan tabarma a inuwar ɗaki. Ta durƙusa, suka gaisa, aka tambayi kwanan gida da gajiyar biki da baƙi. Iya Mero ta jawo kwanon, ta ɗan jima hannunta na kan murfin kafin ta buɗe. Ta leƙa, ta sa yatsa ta juya wata tsoka.

"Ikon Allah. Tauren da ya hana mu barci da kuka tun damina, shi ne ya fito da fiffike?"

"Iya, tauren ba zai shigo gidan nan ba. Mijin yarinyar nan ne ya yanka, bai san yadda muke yi ba. Wannan kaji ne da zabi, Malam ne ya yanka su da hannunsa."

"Ya gaya min." Tsohuwar ta gyara zama. "Tun kafin ya gaya min ma na sani. Ina shanya kuɓewa a jikin zana na hango yaron, kafin in buɗe baki ya riga ya sa wuƙa."

Liyatu ta zaro ido. "Iya, kin gani, ba ki ce komai ba?"

"In ce me? In aiko in tambaye ki wa ya yanka miki dabba, bayan duk shekarun nan? Ai ba ni da wannan bakin. Jiya ko abincin rana ban iya ci ba, 'yar nan. Ba naman ne ya dame ni ba, nama ai sai in karɓa in yi godiya in san inda na kai shi. Tsoron da nake ji shi ne ki kawo min ki yi shiru. Da kin yi haka, da na ci gaba da gaishe ki har in mutu, amma da ban ƙara cin abin hannunki ba."

Liyatu ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mata a kan sabon anko, ta bar su suna zuba.

Iya Mero ta wanke hannu a buta, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta ɗauki cinya ta kai baki a gabanta. Ta tauna, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Wannan zakaran na wace ce? Ai ya girme ni! Matso min da kwanon, ki sa hannu mu ci."