Lujaina, 'Yar Mai Cincin

Duk wanda ya ci cincin ko dubulan a gidan suna a Jos, da wuya a ce bai ɗanɗana hannun Safara'u ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Anguwan Rogo, don haka na san halinta ciki da bai. Mace ce mai tsafta da zafin nama, amma akwai ta da sa ido, musamman a kan Amatullahi.

Amatullahi 'yar ƙanin babanta ce. Tare suka tashi a Gangare, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Sai Allah ya haɗa Amatullahi da wani dillalin motoci ya kai ta Rayfield, ita kuwa Safara'u ta auri Lukuman mai keke. Gidan bai tsone mata ido ba, motar ma haka. Sunayen 'ya'yan ne suke hana ta sukuni: Nawwara da Afnan. In ta kai cincin ta dawo, ko mayafi ba ta cirewa take leƙo ni.

"Maƙwabciya, kin ji wai Nawwara! Yarinyar da kakarta Hansai ce. Mu kuwa kullum Ladi, kullum Talatu, kamar an yi mana baki."

Haihuwa ta yi mata jinkiri, aka daɗe ana addu'a. A duk tsawon shekarun nan tana shiga gidajen manya da bokitin cincin, kunnenta a buɗe tana neman suna. Wannan ya yi yawa a gari, wancan na masu sabon kuɗi ne. Daga ƙarshe ta tsaya a kan Lujaina. Ta tambayi malamin Islamiyya, ya ce ba laifi. Ni kaɗai ta raɗa wa, har da sa ni rantsuwa, wai kada Amatullahi ta ji ta riga ta.

Da ta sauka, mace, Lukuman ya ce sunan goggonsa Asabe zai sa. Ai kuwa gida ya ɗau zafi. Ta ƙi magana, ta ƙi kunun kanwa, mai jego guda tana ta zubar da hawaye a kan jaririya. Bawan Allah ya gaji ya ce, "Naki ne, ki huta." Ranar suna da safe liman ya faɗa a ƙofar gida, sai da ya maimaita kafin dattawa su kama.

Da yamma Amatullahi ta iso, turarenta ya riga ta shiga ɗaki. Ta karɓi jaririyar ta ce, "Lujaina! Kai, Yaya, suna ya yi. Wallahi da na sani da ni na sa. A ina kika samo shi?"

Na kalli Safara'u. Tunda nake ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka ba. Ta gyara zama, ta buɗe baki za ta faɗi sunan a gaban kowa, sai uwar mijinta ta daka mata tsawa daga bakin gado.

"Kul! 'Yar fari ce fa. A gidan nan ba a taɓa yi ba, ba kuma a kanki za a fara ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ana cewa yau mai jego ta manta kunya. Ta san al'adar sarai, ita ma 'yar fari ce, mahaifiyarta har ta rasu "ke wannan" take ce mata. Kawai dai tsabar hangen gidan wasu ne ya sa ba ta taɓa kawo abin a kanta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, Amatullahi tana kiran tata 'yar farin gatsau, Nawwara kaza, Nawwara kaza, ba mai ce mata uffan. A Rayfield wayewa ake ce wa wannan.

Yanzu yarinya ta fara gudu a layi. Mai kanti yana kiran Lujaina, masu keke abokan babanta suna kira, Maman Loyis mai kawo mana dankali daga Rikkos ma har waƙa take yi da shi. Uwar kuwa sai "ke", sai "yarinyar nan". Duk wanda ya kira, sai na ga ta bi bakinsa da kallo, kamar yana cin abincin da ta dafa aka hana ta. Tausayi take ba ni, wani lokacin kuma haushi.

Kwanan baya na raka ta asibiti allurar rigakafi. Nas ɗin, wata Suzana, ta ɗago ta ce, "Madam, menene sunanta?"

Safara'u ta waiga, ba uwar miji, ba kowa nata sai ni. Na yi shiru da gangan, na ce yau dai ta huce. Leɓenta ya motsa, ta sunkuyar da kai, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Lujaina Lukuman," na ce.

Muna fitowa ta harare ni. "Ke ma ba ki iya faɗinsa ba. Duk kun ɓata min suna."

"To ke faɗa mana mu ji."

Ta gyara goyonta, ta tsayar da keke.