Kwana biyun da Yaya Habu ke ɓatawa

Shekara bakwai ke nan da muka raka Yaya Habu makwancinsa a Kazaure, wata Talata da hantsi, ana gab da girbin gero. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, don shi kansa ba ya son a yi ta ambaton sunansa. Bana kuwa shirun ya gagara, saboda wani abu da ya same ni a bazarar da ta wuce, wanda da yana raye da ya yi mini dariya har sai ya share hawaye da bakin riga.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Habu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha biyu. Birkila ne, daga baya ya zama shugaban magina. Bai yi boko ba, amma shi ya tsaya tsayin daka har na yi nawa karatun. Daga Roni zuwa Gwiwa, har shagunan bakin kasuwar Babura, da wuya ka yi tafiyar rabin sa'a a kan babur ba ka wuce bangon da ya ɗora wa hannu ba. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne, in ya ce ranar kaza zai miƙa makulli, to ranar ce.

Amma yana da wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi. Idan aka ba shi aiki a ƙauye, ba ya kafa igiyar awon tushe ranar da ya isa. Sai ya sami gindin bishiya ya baje, a kawo fura, ya yi kwana biyu cur yana hira da mutane. Wa zai aurar da 'ya, kuma yaushe? Wace rana ce kasuwarku? Amalanken wa ke ɗebo ruwa, shanunsa kuma lafiyarsu ƙalau? Lokacin da na fara aikin ofis, ina ji da kaina, na taɓa samun sa a irin wannan zama, ga siminti jibge, ga leburori suna hamma. Na ce, “Yaya, wannan ai ɓata lokaci ne. Da yanzu an haƙa rabin tushe.” Ya dube ni ta gefen ido ya ce, “To, Malam Bature.” Ya ci gaba da hirarsa.

Garin mahaifiyarmu yana ƙasar Gwiwa, kuma akwai wani rafi da ya raba shi da babbar hanya. Da rani yashi ne kawai, awaki ke kwanciya a ciki. Da damina kuwa, in ya kawo, garin ya yanke ke nan: mara lafiya sai a kafaɗa, taki ba ya shiga, wanda yamma ta yi masa a hayi sai ya kwana can. Bara ƙungiyar 'yan asalin garin ta haɗa ƙarfi, kayan kwalbati suka samu, aka ce ni zan jagoranci aikin tunda na yi shekaru a sashen ayyuka, kuma ni ƙanin Habu ne. Na karɓa da fara'a, amma na san iyakata. Ni takarda na sani, ban taɓa riƙe aiki daga tushe har ƙarshe ba. Sharaɗin kuma ɗaya ne tak: a gama kafin rafin ya kawo. In ruwa ya same shi rabi da rabi, zai tafi da siminti da rodi, ya haɗa da sunan gidanmu.

Ana cikin haka sai wurin aikinmu ya tura mu horon kwana uku a nan Kazaure, kan yadda ake tsara jadawalin aiki da manhajar kwamfuta. Mai koyar da mu wata injiniya ce, Malama Laraba, iyayenta mutanen Filato ne amma a nan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa gishiri. Ni ne mafi furfura a ajin, ina buga haruffa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar dawa. Na dai ce wa kaina gemu ba ya hana ilimi.

Abin bai kai wuyar da na zata ba. Da farko ka farfasa babban aiki zuwa ƙananan ayyuka, ka ba kowanne kwanakinsa. Sannan ka gaya wa manhajar wanne ke jiran wanne: ba a zuba kankare sai an ɗaure rodi, ba a ɗaure rodi sai an haƙa tushe. Ita kuma sai ta zana kowane aiki kamar sanda a kwance, doguwa ko gajera gwargwadon kwanakinsa, ta ja kibiya daga wannan zuwa wancan. Wasu sandunan takan shafa musu ja. Malama ta ce waɗannan su ne marasa sarari, in ɗayansu ya makara da kwana ɗaya, ranar gamawa ta matsa da kwana ɗaya. Sauran suna da ɗan wurin numfashi, ko sun yi jinkiri kaɗan ba abin da zai taɓu.

Ina kallon allon sai Yaya ya faɗo mini a rai. Na tuna bangon ɗakin da Yaya ke ajiye siminti a kowane wurin aiki. Yakan cika shi da layukan gawayi, dogaye da gajeru, wasu ya maimaita su sau biyu har su yi kauri. Shekara da shekaru ina zaton buhuna yake ƙirgawa. Ashe abin da aka kawo mana a kwamfuta ne yake zanawa da gawayi, kuma layukansa masu kauri su ne jajayen sandunan Malama Laraba.

Da aka ce kowa ya gwada da wani aiki, sai na shigar da kwalbatinmu. Na jera komai daidai, har Malama ta nuna wa ajin jadawalina. Manhajar ta ce za mu gama da ratar mako biyu kafin lokacin da rafin ya saba kawowa. Kai, na ji daɗi. A ranar ƙarshe da la'asar ta yi mana kashedi cewa kowa ya gyara kalandar manhajar ta dace da wurin aikinsa, amma ni a lokacin hankalina yana kan kyawun sandunana. Na bar kalandar yadda ta zo: aiki daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi hutu. Na buga takardata, na isa garin da safe, kafin azahar na kafa igiya.

Makon farko ya isa ya koya mini hankali, amma ban koya ba. Ranar kasuwa na zo na tarar da wurin wayam, masu amalanken da ke kawo mana ruwa sun yi lodin hatsi sun tafi. Ranar Juma'a tun da hantsi aka ajiye cebur, don masallacin Juma'ar yana garin gaba. Ranar Asabar kuwa kowa ya fito da ƙarfinsa, amma na riga na sallami kafinta da mai tifa, tunda takarda ta ce hutu. A mako na biyu bikin ƙanwar kafintan ya ɗauke shi kwana uku. Kullum in na shigar da abin da aka yi, ranar gamawa sai ta ƙara matsawa, ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Na shiga faɗa da mutanen da suka fito aikin gayya don Allah, ina ce musu ba su da kishin garinsu. Har yau ina jin kunyar wannan maganar.

Akwai wani tsohon birkila a wurin, Baba Ilu, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki da Yaya. Wata safiya ya ja ni gefe ya ce, “Malam Sani, in ba za ka ji haushi ba. Wannan akwatin naka da ke gaya maka ranaku, ka taɓa gaya masa ranar kasuwarmu?” Na ce, “A'a, Baba.” Ya ce, “To ya san ranar da ruwan shuka ya sauka, ko ɗakin uwar mutum ake ginawa, ba wanda za ka gani a nan sai bayan kwana huɗu?” Na sake cewa a'a. Ya gyaɗa kai ya ce, “Habu ba ya taɓa cebur sai ya san wannan duka. Tun ran gini tun ran zane, ɗana.”

Kwana biyu irin na Yaya ba su samu ba, amma na tsayar da aiki yini guda, duk da raina yana ƙuna da ganin rana tana tafiya. Na ba mutane haƙuri, muka zauna gindin tsamiya, na ɗora kwamfutar a cinya, na shiga tambaya. Na rufe ranar kasuwa, na mayar da Juma'a rabin yini, na buɗe Asabar da Lahadi. Na sa ranar wani bikin suna da za a yi a gidan mai tifa, na ware kwana huɗu na shuka a lokacin da dattawa suka ce suna sa rai. Da na gama, manhajar ta gaya mini gaskiyar da ban so ji ba: za mu makara da kwana tara.

A nan ne ita ma ta nuna nata amfanin. Na kira Malama Laraba a waya, ta ce in daina zura wa jajayen sandunan ido, in duba waɗanda ba ja ba, in ga wanne na ɗaure ba dalili. Ashe na sa zuba rufin kwalbatin yana jiran katangun gefe da cikon burji, alhali Baba Ilu ya tabbatar mini manyan bangaye biyu kawai yake jira. Na kwance wannan, na tattara dukkan hannaye a kan jajayen ayyuka. Shi kuwa kankaren rufin yana bukatar mako uku ya yi ƙwari, kuma ba abin da yake so a lokacin sai ban-ruwa, sai muka daidaita shi ya faɗa kan kwanakin shuka. Matan garin da tsofaffi suka ce su za su riƙa shayar da shi safe da yamma. Kwana taran nan suka narke, har muka sami rarar kwana biyar.

Mun zuba rufin saura kwana biyu ruwan shuka ya sauka. Kamar yadda Baba Ilu ya faɗa, wurin ya zama ba kowa. Amma a wannan karon takardata ta san da zancen, don haka hankalina kwance yake. Na zauna ƙarƙashin rumfa ina kallon ruwan sama yana taya matan garin ban-ruwa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai raina manhajar, don ba mutum ba ne mai gaba da sabon abu, shi ya riga ni riƙe wayar hannu. Na tabbata zai yi sha'awar yadda in ka matsar da aiki ɗaya sauran ke gyara kansu cikin ƙiftawar ido, shi da sai ya goge bango da tafin hannu ya sake zane daga farko. Zai sa in nuna masa sau biyu, sau uku, yana cewa a sake. Bayan nan kuma, na san shi sarai, zai karkata hula ya tambaye ni ko tana shan fura. In na ce a'a, ya ce to wa zai zauna da mutane a madadinta?

Kwana shida bayan an cire katakon da ke tallafe da rufin, rafin ya kawo cikarsa ta farko. Ni da Baba Ilu muna tsaye a gefe, ruwa jawur yana wucewa ta ƙasa da karan dawa da rassan bishiya. Sai ga wani mai babur ya taho, ya ɗauko wata mata da goyo, suka haye ko rage gudu bai yi ba. Baba Ilu ya yi dariya ya ce, “Ka gani? Ko kallonmu bai yi ba. Haka ake so.” Murna ta cika ni, kewar wana kuma ta taso mini.

Da yawa daga gine-ginen Yaya yanzu babu su. Wasu faɗaɗa hanya ya ci, wasu magada sun rushe sun ɗora bene. Kayan aikinsa sun watsu a hannun yaransa na sana'a, kuma haka ya dace. Abin da ya saura, a iya ganina, shi ne mutane irin su Baba Ilu da suka ɗauki halinsa suka adana, har suka miƙa wa ƙaninsa da ya yi shekara arba'in kusa da shi bai taɓa tambaya ba. Na makara wajen koyo, amma ban makara wajen aikin ba, kuma da wannan na gode wa Allah.

Allah Ya yalwata maka makwanci, Yaya, Ya sa aljanna ce makomarka. Rafin ya kawo sau biyar a daminar bana, kuma ba wanda ya kwana a hayi.