Motar da ta fi ƙarfin ƙafar mahaifina

Shekarun baya, shekarar da aka kwashi yayana zuwa hidimar dole ta soja, ni na zama mai faɗa a ji a gidanmu na Gadarif, a ƙasar Sudan, ba don kowa ya naɗa ni ba. Na gama sanawi, wato sakandare, ba aiki, ga baki. Mahaifina kuma ciwon ɓarin jiki ya taɓa masa ƙafar hagu, sai da sanda.

Gonarmu ta riɗi tana Simsim. Riɗi ba ya jira. In ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka, in ba ka yanka ba ya fashe ya zube. A gidanmu kuwa ba a sa masa lauje sai mahaifina ya gani da idonsa. Daminar da ta wuce kafin wannan, motarmu ta daji ta kafe a baƙar laka, cikinta ya zauna a ƙasa kwana biyu, kafin ya isa rabin riɗin ya zube.

Sai na kafe a kan a ɗaga motar. Kawuna, wanda ke tuƙa ta, ya ce a bari yayana ya dawo. Na tambaye shi ko riɗin ma zai jira yayan nawa. Muka je wurin wani usta, babban makanike, a unguwar makanikai. Ya ce dogayen sosta, wato sifirin, kaɗai ba za su isa ba, sai ya sauya ƙarafan da ke riƙe ƙafafun motar, waɗanda yake kira hannuwa, ya sa dogaye, yadda taya za ta faɗa rami ta fito motar ba ta rataye ba. Ya tambayi iya tsayin da muke so, na ce har ƙarshe.

"Ya bitti, 'yata, wa zai riƙa hawanta?" in ji shi.

Na ce mutane. Na ɗauka raini ne don ni mace ce.

Ranar tafiya da safe maƙwabta suka taru a ƙofar gida suna kallon motar, ta yi tsaye kamar raƙumi. Mahaifina ya fito da farar jallabiya da rawani. Ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafar dama, matakin ya fi gwiwarsa tsayi, ta hagun kuma ba ta iya riƙe shi. Ya gwada sau biyu. A na uku sandar ta faɗi.

Ni kuwa, a gaban duk mutanen nan, na ce, "Kawu, ku ɗauke shi ku saka mana, rana na yi."

Babu wanda ya motsa. Mahaifina ya sunkuya da kansa ya ɗauki sandarsa.

"Ina da rai ba za a ɗauke ni ba," ya ce, bai ko dube ni ba, ya koma ciki.

Kwana biyu bai fita cin abinci da maza a waje ba. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Usta ya ce ya riga ya yanke mazaunin tsofaffin ƙarafan, mayar da su sai mako guda. Riɗi kuma yana can yana nuna.

Abin da ya faɗo mini shi ne yadda ake lodin shanu a kasuwa: a haƙa rami, lori ya shiga da baya har ya yi daidai da ƙasa. Muka cire zanan baya, muka shigar da motar tsakar gida inda babu idon kowa. Ni da kawuna muka haƙa layi biyu na taya, hannuna duk ya yi kanta. Mahaifiyata ce ta je ta kira mahaifina. Ya daɗe yana kallon ramin, ya ce wato shi ya zama sa ke nan. Sannan ya zauna a kujerar motar da kansa, ya ja ƙafar hagu da hannu ya shigar.

Motar ta ratsa lakar nan ba ta zauna ko sau ɗaya ba. Amma a gona babu rami, saboda haka mahaifina bai sauka ba. Kawuna ya bi gefen gonar a hankali, ni ina karyo karan riɗi ina miƙa wa mahaifina ta taga. Ya duba ganyen ƙasa, ya murza kwanso ɗaya, ya ce, "Gobe." Aka yanka, ko kaɗan bai zube ba.

Ya ƙara ganin damina biyu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma duk ta taga ya ga gonarsa. Bai sake taka ta ba.

Har yau ina da gaggawa, ban warke ba. Motar ba ta dame ni ba, gyaran ya yi amfani. Maganar ƙofar gida ce ke ci na. Bai taɓa tayar da ita ba, ni ma ban taɓa durƙusawa na ce ya yafe mini ba, na ɗauka haƙar da na yi ta isa. Mahaifiyata ta ce ya gane. Ni dai da na ji daga bakinsa.