Zabuwar da Inna take zanawa

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Tandabawi, ni da jikata, muka kama hanyar Jidda. Tun bara take nacin a bar ta ta karanci zane. Ubanta ya ce sai abin da na ce, ni kuwa na riga na yanke: a'a. Na bi ta ne zuwa wani baje kolin zane in gani da idona, kada a ce tsohuwa ta hana abin da ba ta sani ba.

Hanya lafiya lau, sai dai direba ba ya rabuwa da waya. Na yi masa magana, ya ajiye. A hanya muka karya da ful da tamis, wato wake da gurasa. Ful ɗin tsululu, tsadarsa kuwa sai ka ce da nama a ciki.

Gidan da aka baje zanen sanyi kamar asibiti. Aikin wasu Turawa ne da suka mutu tuntuni. Na zaci launi zan gani da ƙyale-ƙyale, ashe farar takarda ce da baƙin layi: sa, raƙumi, mujiya. Wani ko ido babu.

"Ya Sitti, dubi wannan," in ji jikata, rabi da Larabci. "Bai ɗaga hannu ba har ya gama."

"Lalaci ne," na ce.

Amma na kasa wucewa. Haka Inna take zana zabuwa a bayan ƙwarya, can ƙauyenmu a ƙasar Katsina. Ta ciro ƙarfe daga wuta, ta fara daga baki, ta zagayo, ba ta ɗagawa sai a wutsiya. Har ƙaurin na ji a hancina. Ƙwaryar ƙarshe a Sudan ta fashe mana, muna hanyar zuwa nan, ina yarinya.

Na sa yatsa a tafin hannuna in bi layin. Baki, kai, wuya, daga nan ya ɓace mini. Na sake, ya ɓace. Kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Da la'asar muka iso gida. Ban ko cire mayafi ba na ce ta ɗauko fensir. Ina faɗa tana ja. Ta yi kaza, ta yi agwagwa.

"Ba haka ba ne, 'yar nan. Bayan ya fi tudu."

Ubanta na tsaye bakin ƙofa. Na ce masa ta je ta koya. Tafiyar nan ta nuna mini kallo kawai na yi wa hannun Inna, ban karɓi komai ba.

Zabuwar har yau ba ta fito ba. Jiya dai wuyan ya yi kama.